Yadda Ake Zana Ɗigon Lewis na Sinadarai Masu Ayon

Ayon ƙwayar zarra ce da ta sami caji bayan ta bayar ko ta karɓi ilektron. Kafin ka ɗora fensir a takarda, duba rukunin kowane sinadari a jadawalin sinadarai, don shi zai gaya maka ilektron nawa ne a zagayensa na waje. Su kaɗai ake zanawa, kowanne a matsayin ɗigo ɗaya, a wannan dabara da Gilbert Lewis, masanin Amurka, ya fito da ita a 1916. Sodiyam (Na) yana rukuni na 1, ɗigo ɗaya ke nan. Kulorin (Cl) yana na 17, lambar ƙarshe za ka ɗauka, ɗigo bakwai.

Rubuta Na da ɗigonsa a gefe. Rubuta Cl ka kewaye shi da ɗigo bibbiyu a gefe uku, gefe na huɗu ɗaya tilo. Sai ka ja kibiya daga ɗigon Na zuwa wannan gurbin. Ni nakan sa ɗalibaina su yi na sodiyam da alamar x. Ilektron duk iri ɗaya ne, amma ido ya fi saurin gane wanda ya yi ƙaura.

Zanen ƙarshe shi ne inda maki ke zubewa. Na ya shiga baka mai kusurwa, ba ɗigo ko ɗaya, da + a waje ta saman dama. Cl ma ya shiga tasa bakar da ɗigo takwas cif, da − a waje. Kada ka kuskura ka ja layi tsakaninsu! Layi na nufin tarayya ake yi a ilektron, kamar a H₂O. Nan kuwa ƙarfe, wato sodiyam, ya bayar ne gaba ɗaya, abin da ya riƙe su shi ne jan da ke tsakanin caji biyu masu saɓani.

Magniziyam biyu yake bayarwa, kulorin kuma ɗaya yake karɓa, saboda haka MgCl₂ na buƙatar Cl⁻ biyu, kowanne a bakarsa, Mg²⁺ a tsakiya. Masu cusa Cl₂ cikin baka ɗaya iskar kulorin suka zana ba su sani ba.

Al₂O₃ ne ke sa ɗalibai gumi. Aluminiyam na ba da 3, oksijin na karɓar 2, ba su haɗu ba sai a 6. Wato Al³⁺ biyu, O²⁻ uku, kowane oksijin da ɗigo takwas. Tara cajin ka gani: +6 da −6 sun ba da sifili. In lissafinka bai ba da sifili ba, koma kan kibiyoyinka, akwai ilektron da ka bari a hanya.