Yadda zaka ƙara wa babur ɗin doguwar tafiya ƙarfi ba tare da ka cuci injinsa ba

Duk wanda ya mallaki babban babur na doguwar tafiya irin su Harley-Davidson Road Glide ko Honda Gold Wing ko BMW R 1250 RT, ba a daɗewa sai ransa ya fara raya masa ya ƙara masa wuta, kuma kusan kowa da salansa yake farawa tunda ita kunne ke ji. Ni dai shawarata kar ka fara ta nan. Gold Wing shi kaɗai ba kowa a kai ya haura kilo 350, in ka hau ka goya mutum ka cika akwatuna to kun wuce rabin tan, kaga kenan abinda kake nema ba gudun tsere bane, ƙarfin ja ne, wanda zai sa in ka murɗa totur a giyar ƙarshe kana hawan tudu ka wuce tirela ba tare da injin ya yi ta nishi ba. Wannan ƙarfin yana zaune ne wajen juyin inji 2,500 zuwa 4,000 a minti, nan ne kake yini in kana tafiya, dan haka duk abinda zaka saya ka tambayi kanka me zai ƙara maka a wannan wajen.

Fara da ƙasa tukuna, taya da birki da shoka. Duba gefen tayarka akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, in kaga 2321 to sati na 23 ne na shekarar 2021 aka yi ta, in ta haura shekara biyar ko da zanenta bai cinye ba robar ta fara taurin da bazata kama kwalta yadda ya kamata ba. Man birki kuma yana shan danshi, duk shekara biyu a zubar a sa sabo, kuma ka karanta abinda aka rubuta a murfin, DOT 4 da DOT 5 ba a haɗa su ko kaɗan. In tiyon birkin na roba ne ya tsufa ka sa mai saƙar ƙarfe, zakaji hannun birkin ya daina laushin nan.

Shoka ita ce mutane suka fi rainawa kuma wallahi ita ce ta fi canza babur. Ga yadda zaka gwada taka: ɗaga bayan babur ɗin har taya ta bar ƙasa, ka manna ɗan salatif a madigadi daidai saman tsakiyar taya, ka auna daga tsakiyar tayar zuwa salatif ɗin ka rubuta. Sai a sauke, ka hau da hularka da kayanka da wanda ka saba goyawa, wani ya riƙe muku babur ɗin wani ya sake aunawa. Bambancin ya kamata ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na iyakar motsin shokar. In ya wuce haka ka ƙara ɗaure sifirin, in ka ɗaure har ƙarshe bai gyaru ba to sifirin ya yi maka laushi sai canji. Wasu Harley ɗin duka motsin bayansu bai wuce inci 3 ba, shi yasa ake yawan sa musu shokar kamfanin Öhlins da makamantanta.

Toh yanzu mu zo inji. Abu uku ne suke tafiya tare, matatar iska da salansa da saitin kwamfutar injin, kar ka raba su dan Allah. Ni na taɓa raba su, na sa salansa buɗaɗɗiya da matata mai barin iska sosai na bar saitin kamfani yadda yake, ba a yi sati biyu ba zafi ya fara gasa min cinya in na tsaya a cunkoso, in na saki totur sai inji tas tas tas a baya, da na ciro fulogi sai naga bakinsa fari fat kamar alli. Abinda ya faru shine iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba. Dama kamfani yana saita injin kusa da kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur saboda dokar hayaƙi, alhali in an buɗe wuta injin yafi son wajen 13 a kan 1, to in ka ƙara iska a kan wancan sai zafi ya yi yawa kuma bawul da fistin ne suke shan wahalar. Maganinsa na'urar saiti irin Dynojet Power Vision ko Vance & Hines Fuelpak, mafi kyau kuma a ɗora babur ɗin a kan na'urar gwajin ƙarfi bakanike ya saita shi daidai da kayan da ke jikinsa, ka karɓi takardar gwajin kafin aiki da bayan aiki ka gani da idonka.

Wannan shine abinda masu Harley ke kira mataki na ɗaya. Na biyu canza kamshaf ne, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, kuma a nan ne ake jin bambanci na gaske a injin Milwaukee-Eight da ya fara zuwa a baburan 2017. Sai dai kamshaf iri biyu ne, akwai mai bada ƙarfi a sama can wajen juyi 5,000 akwai mai bada shi tun daga ƙasa, kai na ƙasan zaka ɗauka, wancan lambarsa a takarda ta fi kyau amma da kaya da goyo zakaji babur ɗin ya mutu in ka tashi daga tsaye. Mataki na uku ƙara faɗin silinda ne kamar a ɗaga girman injin daga inci kubik 107 zuwa 114, in zaka kai nan to ka shirya ƙara ƙarfin sifirin kulochi tunda zai fara zamewa, ka kula da sanyaya baƙin mai, kuma fetur mai kyau kawai zai sha. Masu Gold Wing da BMW kuwa gaskiya injinku ba ya bada wani ƙari mai yawa da irin wannan taɓe-taɓen, gara kuɗin ya tafi kan shoka da taya.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya ka binciki garantin babur ɗinka domin saitin da ba na kamfani ba yana iya soke shi, ka san dokar ƙara da ta hayaƙi a inda kake hawa, ka kuma sanar da masu inshora. Tsofaffin kayan da ka cire ka adana su kar ka sayar. Kuma abu ɗaya-ɗaya zaka rinƙa canzawa kana hawa kana saurare, in ka canza biyar rana ɗaya wani abu ya ɓaci bazaka san wanne bane. Bayan aikin salansa in ka ɗan yi tafiya injin ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, ka koma ka sake ɗaure notunan da suka riƙe salansar a bakin silinda domin suna saki, sannan ka ciro fulogi ka duba, ruwan ƙasa-ƙasa kake so ka gani.