Kafin ka ɗora jaruminka a jirgi: rubuta labarin ƙauyen Italiya na bayan yaƙi

Shekara biyu na yi ina fama da wani labari: saurayi da budurwa a wani ƙauye na kan tsauni a kudancin Italiya, yaƙin duniya na biyu ya ƙare, talauci ya yi katutu, shi kuma ya kama hanyar ci-rani. Sai da na kai babi na tara na gane na tafka kuskure. Na tura shi Amurka a 1950, alhali a lokacin ƙofarta a tsuke take. Dokar 1924 ta ƙayyade adadin 'yan Italiya da za su shiga, ba a sauya tsarin ba sai 1965. Shafi saba'in na yaga. Ga abin da na koya, kada ka faɗa ramin da na faɗa.

Tun kafin ka raɗa wa kowa suna, tsayar da shekara da ƙasar da zai tafi, don su ne za su yanke wa soyayyar hukunci. In tsakanin 1946 da 1956 ne, Beljiyam ta fi kama hankali. A watan Yunin 1946 Italiya ta amince ta aika ma'aikata 50,000 ramukan haƙar kwal, ita kuma ta samu kwal. Aka liƙa takardu ruwan hoda a bangayen ƙauyuka, an jera albashi da alawus, ba a ce uffan kan ƙurar da ke cinye huhu ba. A tashar jirgin ƙasa ta Milan likitoci ke tantance samarin, da yawansu kuma da suka isa, a tsoffin barikokin fursunonin yaƙi aka sauke su. Ranar 8 ga Agustan 1956 gobara ta tashi a ramin kwal na Marcinelle a Beljiyam, mutum 262 suka mutu, 136 'yan Italiya ne. Ba sai ka kashe jaruminka a can ba. Ya isa ka nuna ƙauyen ya yi cincirindo a gaban rediyo guda ana jiran sunaye.

In Suwizalan ka zaɓa, a wancan lokacin ɗan ci-rani wata tara yake yi ya dawo, kuma ba a yarda ya kawo iyali ba. Jamus sai bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata ta 1955. Ostareliya kuwa kusan wata guda ce a teku, daga Jenowa ko Nafoli, a bi ta mashigin Suwez. Wanda ya tafi can, kukan da uwarsa ke yi masa bai da maraba da na mutuwa.

Sai ƙauyen. Ka manta da Italiyar da kake gani a fim. Ka tashi da asuba ka tsaya a dandalin gari, inda 'yan ƙwadago ke jiran wakilin mai gona ya nuna wanda yake so da yatsa, sauran su koma gida hannu rabbana. A Melissa ta yankin Kalabiriya, a 1949, 'yan sanda sun harbe manoma uku da suka shiga wata gonar da aka bari ba noma. A 1950 aka yi dokar rabon filaye, amma abin da wasu suka samu bai kai ya riƙe gida ba. Wannan ne ke korar saurayinka, ba son yawo ba.

Kada ka zaunar da su zance su biyu, ba a yi. Satar kallo ne a famfon tsakiyar gari tana ɗauke da tulu a ka, ko a ƙofar coci ran Lahadi, ko waƙa cikin dare ƙarƙashin tagarta, ita kuma ta ɗan kunna fitila ta kashe. Uwarta na nan tana ƙirga zannuwan gadon da yarinyar ke yi wa ado da allura tun tana ƙarama, don da su ake auna mutuncin gida ranar aure.

Inda na fi daɗewa shi ne wasiƙa, kuma nan nake so ka daɗe. Ƙidayar 1951 ta nuna kusan 13 cikin 100 na 'yan Italiya ba sa karatu da rubutu, a kudu kuwa abin ya fi haka muni. Ke nan wasiƙar soyayya ba ta mutum biyu ba ce. Wani ne ya rubuta masa, wani zai karanta mata. A nawa labarin limamin coci ne ke karantawa. Yana zuwa wani layi sai ya yi gyaran murya ya tsallake, ita kuma tana kallon yatsansa, ta ga ya ƙetare layi biyu. Ta karɓi takardar ta ninke ta sa a ƙirji, ta nemi ɗan maƙwabta mai aji uku, ta ba shi ɓaure uku ya karanta mata wurin. Kar ka manta da hoton da ke cikin ambulan, yana sanye da kwat ɗin aro.

Akwai kuma auren wakilci, wanda ya yi yawa tsakanin masu zuwa Ostareliya. Mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu a ɗaura aure da wakili, amma can amarya ce da kanta ke shiga coci cikin farar riga, ɗan'uwan ango ya tsaya a madadinsa, sannan ta hau jirgi da hoto a hannu. Wadda mijinta ya tafi ya yi shiru kuwa ba ta da mafita, don babu saki a dokar ƙasar sai 1970. Har suna aka sa wa irinsu, vedove bianche, wato masu zaman takaba alhali mazansu na raye.

Kada ka cika bakinsu da kalmomin Italiyanci don burgewa. Yawancinsu yaren ƙauyensu suke yi, Italiyancin makaranta sai a gaban hukuma. Ka bar su su yi magana da Hausa mai sauƙi.

Daren tafiya, ka buɗe akwatin kwalin nan da ake ɗaurewa da igiya ka lissafa abin da ke ciki: burodi, cuku, kwalbar man zaitun, hoton waliyyin ƙauyen. A nawa na ƙara hankici guda mai ado, wanda da safe uwar yarinyar ta ƙirga kaya ta ga babu shi.