Yadda Ake Sa Tsohuwar Mujallar Faifan CD-ROM Ta Yi Aiki

A farkon shekarun 1990, kafin intanet ta shiga gidajen mutane, an yi wasu mujallu da ba sa zuwa a takarda. A faifan CD-ROM suke fita, a aiko wa mai rajista ta gidan waya. Nautilus ta kamfanin Metatec da ke jihar Ohayo a Amurka ta fara fita a 1990 don kwamfutar Macintosh, daga baya aka yi ta Windows. Blender kuwa, da aka fi sani da mujallar kiɗa ta takarda, a faifai ta fara a 1994. Faifai ɗaya yana ɗaukar megabait 650, wato abin da zai cika falofi kusan 450, shi ya sa ake cusa rubutu da hotuna da murya da guntayen bidiyo da manhajojin gwaji duk a fitowa guda.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, mujallar daga kan faifan take gudana. Ɗan abu kaɗan take ajiyewa a rumbun kwamfuta, saura kuwa duk shafin da ka buɗe daga faifai ake ɗebo shi a lokacin. Saboda haka idan ta ƙi aiki, kada ka yi saurin ɗora wa faifan laifi. Galibi matsalar tana wajen shirin kwamfutar.

Kwamfutar da ake buƙata

Duba bayan kwalin faifan, za ka ga alamar MPC, wato ma'aunin ƙarfin kwamfutar da ake buƙata don sauti da bidiyo. Mataki na farko, na 1991, yana neman firosesa 386SX mai gudun megahaz 16, ƙwaƙwalwar RAM megabait 2, da na'urar faifai mai gudu ɗaya, wato kilobait 150 a daƙiƙa. MPC2 na 1993 ya ɗaga abin zuwa 486SX mai megahaz 25, RAM megabait 4, katin sauti mai bit 16, da na'ura mai gudu biyu, kilobait 300 a daƙiƙa. Waɗannan alkaluma mafi ƙanƙanta ne, na a ce dai an buɗe. Mujallar da ke da bidiyo da yawa ba ta sakewa sai da megabait 8.

Sai kwamfutar ta ga na'urar faifai tukuna

A DOS da Windows 3.1, manhajojin da ke tafiyar da kwamfutocin wancan zamani, wannan ba ya faruwa da kansa. Layi biyu ake buƙata a fayil biyu. A CONFIG.SYS a sa direban da ya zo da na'urar, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da ita, a rubuta sunansa a madadin SUNAN, misali:

DEVICE=C:\CDROM\SUNAN.SYS /D:MSCD001

A AUTOEXEC.BAT kuma:

C:\DOS\MSCDEX.EXE /D:MSCD001

Sunan da ke bayan /D: dole ya zama iri ɗaya a wuraren biyu, harafi da harafi. Da shi MSCDEX, manhajar da ke sa DOS ta iya karanta faifai, yake gane direban, kuma in sun saɓa ba za ka ga harafin D: na na'urar faifan ba ko kusa. Haka nan layin MSCDEX ya zo kafin layin WIN mai tayar da Windows, domin da zarar Windows ta tashi, abin da ke ƙasa da ita sai ka rufe ta za a karanta shi. Idan haruffa sun ƙare saboda rumbun an raba shi gida-gida, ƙara LASTDRIVE=Z a CONFIG.SYS. Mai DOS 6.2 ko sama ya sa SMARTDRV bayan MSCDEX, ba gabansa ba, don ya riƙa ajiye abin da aka karanto daga faifai a ƙwaƙwalwa.

Waɗannan direbobi suna cin wuri a cikin kilobait 640 na farko, wanda manhajojin DOS ke rububi a kai. In wani wasan gwaji daga mujallar ya ce ƙwaƙwalwa ta gaza alhali kana da megabait 8, wannan ƙaramin fili yake nufi. Buga MEM /C ka ga masu cinye shi, sannan ka mayar da DEVICE ya zama DEVICEHIGH, ka sa LH a gaban MSCDEX, bayan ka tabbata HIMEM.SYS da EMM386.EXE, masu buɗe sauran ƙwaƙwalwar, suna aiki. Windows 95 ta ɗauke wa mutane yawancin wannan wahala.

Girkawa

Kafin komai, kwafi WIN.INI da SYSTEM.INI da fayilolin nan biyu na sama ka ajiye a gefe. Sannan ka sa faifan, rubutu yana kallon sama. Wasu tsofaffin na'urori ba su da faranti mai fitowa, sai an sa faifan cikin wani gidan roba a tura shi ciki gaba ɗaya. Jira fitilar na'urar ta daina ƙyaftawa, ka karanta README, sannan a Program Manager ka zaɓi File, sai Run, ka rubuta D:\SETUP.EXE ko INSTALL.EXE, gwargwadon abin da ke faifan.

Nan akwai tarko. Kusan kowace fitowa tana zuwa da nata kwafin manhajar kunna bidiyo, Video for Windows ko QuickTime, kuma za ta nemi ta girka shi. In ka tara fitowa da yawa ka sa ta 1993 bayan ta 1995, tsohon kwafi zai iya hawa kan sabo, sai bidiyon da ke aiki jiya ya daina yau. Ko dai ka bi su bisa jerin shekaru, ko kuma ka ce a'a duk sanda aka tambaye ka a maye gurbin fayil da wanda ya girme shi. Ba kowace manhajar girkawa ce ke da ladabin tambaya ba, shi ya sa muka ce a ajiye kwafi.

Launi

Windows 3.1 da direban VGA na asali launi 16 kawai take nunawa. Mujallun nan kuwa an tsara su a kan allo mai 640 da 480 da launi 256. A launi 16 fuskar mutum sai ta zama dabbare-dabbare, wasu mujallun ma ƙin buɗewa suke. Shiga Windows Setup ka canza Display zuwa direban katin hotonka mai launi 256, wanda ke buƙatar kilobait 512 a katin. Kada ka zaɓi direban wani kati daban: allo zai yi baƙi ƙirin. In hakan ta faru, koma DOS, shiga foldar WINDOWS, buga SETUP, ka mayar da VGA.

Walƙiyar launuka da ake gani yayin sauya shafi ba lalacewa ba ce. Kowane hoto da nasa zaɓaɓɓun launuka 256, sai an sauke na wannan a ɗora na wancan.

Sauti iri uku ne, kada a haɗa su

A nan mutane suka fi ɓata lokaci. Akwai muryar da aka naɗa a fayil ɗin WAV, akwai kiɗan MIDI wanda katin sauti ne ke haɗa shi da kansa, akwai kuma waƙoƙin da ke kan faifan irin na faifan kiɗa na yau da kullum. Kowanne da hanyarsa, don haka gano wanda ya yi shiru rabin gyara ne.

Idan babu sauti sam, ko murya ta maƙale tana maimaita gaɓa ɗaya, zargi lambar IRQ, wato lambar layin da katin sauti ke kiran firosesa ta kansa. Duba layin SET BLASTER=A220 I5 D1 a AUTOEXEC.BAT: 220 adireshin katin ne, 5 ita ce IRQ, 1 kuma DMA, hanyar da katin ke ɗebo bayanai kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Dole su dace da yadda aka saita katin da kuma abin da ke Drivers a Control Panel. Tsofaffin katunan Sound Blaster a IRQ 7 suke zuwa, lambar da mashigar firinta ma take amfani da ita. Idan murya tana fita amma kiɗa babu, je MIDI Mapper ka zaɓi saitin da ya dace da katinka. Idan kuwa waƙoƙin faifai ne kawai suka yi shiru, jona abin ji na kunne a ramin da ke gaban na'urar faifan. In ka ji kiɗa a nan, to siririyar wayar da ke haɗa bayan na'urar da katin sauti ce ba a sa ba ko ta zare.

Irin wannan faifai mai haɗe da bayanai da waƙoƙi, abin da ke gurbin waƙa ta farko bayanan kwamfuta ne. Kada a kunna shi a tsohuwar na'urar kiɗa, ƙarar da zai yi tana iya lahanta lasifika.

Bidiyo mai tsalle

Ƙanƙantar bidiyon ba rowa ba ce, lissafi ne. Hoto mai 160 da 120 a launi 256 bait 19,200 ne. Sau 15 a daƙiƙa ya zama bait 288,000, kusan ninki biyu na abin da na'ura mai gudu ɗaya ke iya kawowa, ban da sauti. Shi ya sa ake matse shi da Cinepak ko Indeo, firosesa kuma ta warware. In yana tsalle, kada ka faɗaɗa tagar, ka rufe sauran manhajoji, ko ka kwafo fayil ɗin AVI ko MOV zuwa rumbu ka kunna daga can. Murya ba hoto alama ce ta cewa manhajar warware matsin ba ta girku ba.

Duk fayil da ka kwafo daga faifai yakan zo a kulle, karatu kawai. ATTRIB -R yana buɗe shi. Manhajojin kyauta da ke ciki kuma a bincike su da maganin bairos kafin a kunna.

A kwamfutar yau

Windows mai bit 64 ba ta gudanar da manhajoji masu bit 16, kuma macOS ta daina karanta tsarin HFS na tsofaffin faifan Mac tun daga Catalina a 2019. Mafita ita ce a ɗauki hoton faifan, wato a kwafe shi gaba ɗaya ya zama fayil, a sa shi cikin manhajar kwaikwayon tsohuwar kwamfuta.

Fara goge faifan da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba, domin ƙarzuwar da ta bi zagayen layi ita ce na'ura ba ta iya cike giɓinta. Ka fi kula da gefen rubutu, don bayanan suna dab da ƙarƙashinsa. Wajen ɗaukar hoton, zaɓi BIN da CUE in akwai waƙoƙi, domin ISO bayanai kaɗai yake riƙewa, waƙoƙin su salwanta.

A DOSBox, ɗaya daga cikin manhajojin kwaikwayon, girka Windows 3.1 a folda, ka ƙara mata direban katin hoto na S3 da na Sound Blaster 16, su ne DOSBox ke kwaikwayo. Lura cewa a can IRQ 7 ce ta asali, ba 5 ba. Sannan ka buga IMGMOUNT D MUJALLA.CUE -T ISO kafin WIN. Mujallar da ke neman Windows 95 ta fi zama lafiya a 86Box ko PCem, ta Macintosh kuma a Basilisk II ko SheepShaver. Wanda bidiyon kawai yake so ya gani bai buƙatar duk wannan: ya buɗe foldojin faifan ya nemo fayilolin AVI da MOV, VLC tana karanta Cinepak da yawancin Indeo.