Yadda Ake Tunkarar Tsoro Mataki-Mataki Har Ƙarfin Hali Ya Samu

Akwai wanda ya shekara uku yana niyyar zuwa a duba lafiyarsa, amma duk ranar da ya sa sai wani uzuri ya ɓullo. Akwai wadda ta san amsar tambayar da malami ya yi, hannunta kuma ya ƙi ɗaguwa. Wani kuwa kiran waya ɗaya ne tsakaninsa da neman gafarar ɗan'uwansa, lambar tana nan a wayarsa, yatsa ya kasa dannawa. Babu zaki babu kura a cikin waɗannan duka, amma gaba yana faɗuwa, baki yana bushewa, gumi yana tsattsafowa a tafin hannu kamar an ce ga mutuwa nan tafe.

Yawancinmu jira muke yi tsoron ya tafi tukuna sannan mu yi abin. Wannan jiran ne ke cinye shekaru. Tsoro yana raguwa ne bayan mutum ya yi abin da yake tsoro, ya sake yi, ya kuma sake. Shi ya sa aka ce matsoraci ba ya zama gwani. Abin da ya rage a sani shi ne yadda ake shiga a hankali ba tare da an karya zuciya ba.

Kafin matakan, san abin da jikinka yake yi

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da masana suke kira amigdala, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Aikinsa gadi ne. Da ya hango abin da ya yi kama da haɗari sai ya kaɗa ƙararrawa tun kafin tunani ya gama tantance ko mene ne. Nan take sinadarin adiranalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya yi sama-sama, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki domin a gudu ko a yi faɗa. Cikinka da ke murɗawa ma dalilinsa ke nan, jiki ya jingine narkar da abinci har sai an tsira. Wani masanin aikin jiki a jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya yi bayanin wannan tsari tun a 1915.

Matsalar maigadin nan ita ce ba ya tsayawa bincike. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. An taɓa yi maka dariya a gaban jama'a kana yaro, yanzu duk inda aka taru ƙararrawar nan sai ta kaɗa.

Ga kuma wurin da abin yake yin saiwa. Ka tuna sanyin da ya ratsa ka lokacin da ka fasa zuwa, ko ka kashe wayar kafin a ɗauka? Wannan sauƙin lada ne, kuma ƙwaƙwalwa tana rubuta shi: mun gudu, mun tsira. Gobe in abin ya sake tasowa, tsoron zai zo da ƙarfi fiye da na yau, domin ba a taɓa ba ƙwaƙwalwa damar ganin abin da zai faru in an tsaya ba. A ganina duk wanda ya fahimci wannan ya yi rabin aikin.

Mataki na farko: kira tsoron da sunansa

«Ina tsoron mutane» ya yi faɗi da yawa, ba a san ta inda za a kama shi ba. Ɗauki takarda ka matse shi. Waɗanne mutane? A ina? Me kake jin za su yi? Ka riƙa tambayar kanka «in hakan ta faru, sai me?» har ka kai gindin maganar. Wanda ya fara da tsoron taro yakan ƙare da jimla irin wannan: «Ina tsoron muryata ta yi rawa, a gane na ruɗe, a raina ni.» To, yanzu an sami abin da za a iya gwadawa.

Faɗin abin da kake ji da baki ma yana da amfani. A 2012 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa masu tsoron gizo-gizo su matsa kusa da wani ƙaton gizo-gizo mai rai. Wasu an ce su faɗi abin da suke ji ƙarara, wasu su lallashi kansu cewa ba komai, wasu su yi maganar wani abu daban. Bayan mako ɗaya, waɗanda suka furta tsoronsu su ne jikinsu ya fi nuna raguwar firgici. Saboda haka kada ka yaudari kanka da «ai ba na jin komai». Ka ce: tsoro nake ji, ƙirjina yana bugawa, kuma zan shiga.

Mataki na biyu: raba tsoro mai gargaɗi da tsoro mai ɗaurewa

Ba kowane tsoro ake yaƙa ba. Tsoron shiga ruwa mai zurfi ga wanda bai iya iyo ba hankali ne. Tsoron mutumin da yake dukanka ko yake yi maka barazana gaskiya yake faɗa maka, kuma abin da ake buƙata a nan shi ne neman kariya da taimako. Ƙarfin hali daban, ganganci daban. Ka tambayi kanka abu biyu: mutane masu hankali suna yin wannan abin kullum su dawo lafiya? Kuma me gudunsa ya raba ni da shi? In amsar farko e ce, ta biyu kuma ta taɓa aikinka, karatunka, lafiyarka ko zumuncinka, to wannan ne tsoron da za ka sa a gaba.

Mataki na uku: gina tsani

Nan ne ya kamata a daɗe, domin nan mutane suka fi yin kuskure. Sai mutum ya ji wata magana mai zaburarwa, ya yi ta maza ya faɗa tsakiyar abin da ya fi tsoro, ya sha wuya, ya fito yana cewa ai dama na san ba zan iya ba.

A 1924 wata mai nazarin halayyar ɗan'adam a Amurka, Mary Cover Jones, ta yi aiki da wani yaro ɗan kimanin shekara uku mai tsananin tsoron zomo. Ba ta ɗora masa zomon a cinya ba. An fara ajiye shi cikin keji daga nesa, yaron yana cin abin da yake so, yana kuma ganin wasu yara suna wasa da zomon hankali kwance. Kowace rana a ɗan matso da shi. A ƙarshe yaron da kansa yake shafa zomon. Daga baya, a shekarun 1950, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya mayar da irin wannan dabara cikakken tsarin magani, shi ne kuma ya kawo ma'aunin da ake amfani da shi har yau: ka ba tsoronka maki daga 0 zuwa 100.

Kai ma haka za ka yi. Rubuta abubuwa takwas ko goma da suka shafi tsoronka, ka ba kowanne maki, ka jera su daga ƙarami zuwa babba. A ce magana a taro ce matsalar. Karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi kai kaɗai a ɗaki, wataƙila 10. Ɗaukar muryarka a waya ka saurara, 25. Yi wa aboki ɗaya bayani na minti biyu, 35. Yin tambaya ɗaya a zaman mutum biyar, 55. Faɗin ra'ayin da ya saɓa wa na wani a zaman, 70. Tsayawa gaban mutum talatin na minti biyar, 95. Makin naka ne, babu mai gyara maka shi. Abin da yake 20 a wurin wani yana iya zama 80 a wurinka, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Fara daga matakin da yake tsakanin 30 da 40, inda za ka ji ɗar-ɗar amma ƙafa za ta iya takawa. In ka ga tazarar da ke tsakanin matakai biyu ta yi yawa, saka wani a tsakiya. Kuma ka sa rana da lokaci. «Zan yi in na samu dama» ba ya zuwa. «Ranar Talata, da an buɗe zaman, ni zan yi tambaya ta farko» shi ne yake zuwa.

Mataki na huɗu: rubuta hasashe, shiga, tsaya, sannan ka kwatanta

Kafin ka taka matakin, rubuta abin da tsoro yake ce maka zai faru, dalla-dalla: za su yi dariya, maganar za ta ɗauke mini, sai na fita da gudu. Sannan ka shiga.

Mintunan farko za su yi zafi, kada wannan ya ba ka mamaki. Tsoro yakan hau, ya kai ƙololuwa, sannan ya fara sauka in ba a gudu ba, domin jiki ba ya iya zama cikin wannan tashin har abada. Abin da zai taimaka shi ne fitar da numfashi a hankali, ya fi shaƙarsa tsawo, misali ka ƙirga huɗu kana shaƙa, shida kana fitarwa. Hakan yana rage gudun zuciya. Ka kuma mayar da hankalinka waje, kan fuskar mai magana ko kan aikin da ke gabanka, maimakon sauraron bugun ƙirjinka. Ba dole ne tsoron ya sauka ƙasa gaba ɗaya kafin ka tashi ba. Abin da ake so shi ne ka daɗe har ka ga ko hasashen nan zai tabbata.

Da ka fito, koma ga takardar. Me ya faru a zahiri? Sau da yawa za ka tarar muryar ta ɗan yi rawa, babu wanda ya kula, aka amsa tambayar aka wuce. Wani lokaci kuma abin da ka ji tsoro yakan faru: wani ya yi murmushi, ko maganar ta sarƙe. Rubuta wannan ma, ka ƙara da abin da ya biyo baya, wato ka ji kunya na ɗan lokaci, ka koma gida, gari ya waye. Wannan darasin ya ma fi na farko shiga jiki.

Mataki na biyar: ajiye sandunan dogarawa

Akwai gudu a ɓoye. Mutum ya je taron amma ya zauna a bakin ƙofa, ya kafa ido a waya, ya haddace kowace kalma, ko ya ƙi zuwa sai da wani a gefensa. Da farko babu laifi. In aka daɗe a haka kuwa, ƙwaƙwalwa za ta ce wayar ce ta cece mu, tsoron kuma yana nan daram. Lissafa naka, ka riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na shida: maimaita, ka sauya wuri, ka nemi abin koyi

Sau ɗaya a wata ba ya isa. Sau uku ko huɗu a mako ya fi, har matakin ya fara gundurar ka, sannan ka hau na gaba. Ka riƙa canza wuri da mutane da lokaci, domin ƙwaƙwalwa takan ɗaure darasi da inda aka koye shi. Wanda ya saba magana a aji ɗaya kawai yana iya daskarewa a wani ɗakin.

Albert Bandura na jami'ar Stanford ya yi aiki da masu tsoron maciji ta hanyar sa su fara kallon wani yana taɓa maciji marar dafi, sannan su bi sahu kaɗan-kaɗan da taimakonsa. A 1977 ya bayyana cewa yardar da mutum yake yi wa kansa cewa zai iya tana samun ƙarfi mafi yawa daga nasarorin da ya yi da hannunsa, sannan daga ganin irinsa ya yi. Don haka ka nemi wanda ya taɓa jin irin tsoronka ya wuce shi. Ka guji mai yi maka ba'a da mai tura ka da ƙarfi, haka ma mai tausayin da kullum zai ce bari in yi maka.

In tsoron ya dawo

Zai dawo, musamman lokacin gajiya, rashin barci, rashin lafiya ko bayan an daɗe ba a gwada ba. Tsohon darasin ba ya gogewa, sabon ne yake danne shi, shi ya sa yake buƙatar a riƙa sabunta shi. Sauka mataki ɗaya ko biyu a tsaninka ka sake hawa. Karo na biyu ya fi sauri.

Akwai kuma inda bai kamata ka yi wannan aikin kai kaɗai ba. In firgici yana afka maka haka kawai har ka ji kamar ranka zai fita, in tsoron ya samo asali daga haɗari, fyaɗe, yaƙi ko wani tashin hankali da yake dawo maka a mafarki da ido biyu, in ya hana ka fita daga gida ko ya tura ka ga shan ƙwaya domin samun natsuwa, je ka ga likita ko ƙwararren mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kuwa a fara duba zuciya da huhu kafin a ce tsoro ne. In zuwa asibitin shi ne abin da kake tsoro, sa shi a saman tsanin, mataki na ƙasa kuma ya zama gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ka roƙe shi ya raka ka ranar da kuka tsayar.