Yanda za ka kula da kujerun katakon tik na tsakar gida

In kana da kujera ko benci ko tebur na katakon tik a tsakar gida, abu na farko dai ka rage damunsa. Yawancin waɗanda na gani sun lalace ba ruwa ba ne ya ɓata su kuma ba rana ba, masu su ne da kansu, garin neman gira aka rasa ido. Itacen nan asalinsa daga Indiya da ƙasar Bama (Myanmar) da Tailan yake, a zamanin Turawa aka fara dasa shi a Najeriya, akwai gandunsa a dajin Nimbia can kudancin Kaduna, kuma shi da mansa yake zuwa a jikinsa, shi ya sa ruwa ba ya shigarsa da sauƙi gara ma ba ta cika kula shi ba. Amma fa jan ciki ne ke da wannan ƙarfin, farin gefen nan na kusa da ɓawo gara na cinsa sarai, to in kafinta ya sa maka fari a ƙafar kujera sai ka sa ido a wurin.

Sabon tik kalar zuma gare shi. Ka bar shi a rana wata 6 zuwa shekara za ka ga ya koma ruwan toka, mutane sai hankalinsu ya tashi su ce ya mutu, alhali fatar sama ce kawai rana ta canza mata launi, cikin na nan garau. Ni kam tokar nan ta fi burge ni, kuma ita ce ba ta da wahala, wanki kawai take so.

Wankin sau biyu a shekara ya isa, ɗaya in hunturu ya wuce ƙura ta cika ko'ina, ɗaya in damina ta ɗauke. Ka fara jiƙa katakon gaba ɗaya da ruwa, ka kaɗa ɗan omo ko sabulun wanke-wanke a bokiti, ka sami burushi mai laushi ka riƙa gogawa kana bin layin katakon, kar ka gitta shi, sannan ka ɗauraye sosai ka bar shi ya sha iska kwana biyu. In akwai baƙin ɗigo-ɗigo na fumfuna ko gansakuka, musamman a ƙasan tebur inda rana ba ta kaiwa, ka zuba kofi 1 na Hypo a kofi 10 na ruwa ka shafa, bayan minti 10 ka wanke, ka sa safar hannu kuma don Allah kar ka haɗa Hypo da wani maganin wanki, hayaƙin da yake tayarwa guba ne.

Soson ƙarfe na wanke tukunya kar ya taɓa shi, ɓurɓushin ƙarfen na maƙalewa ya yi tsatsa ya bar baƙin tabo. Injin wankin mota kuwa ni na gwada na ga ta kaina, na kai bencina wajen masu wankin mota ina ganin na yi dabara, yaron ya sakar masa ruwa da ƙarfi, da ya bushe sai ga shi duk ya yi gashi-gashi yana kama riga, yini guda na yi ina bin sa da samfefa.

Sai maganar man da ake sayarwa da sunan man tik. Ba daga itacen tik ake tatso shi ba, yawanci man 'ya'yan wasu tsirrai daban ne, wato man linsid ko man tung, aka sirka, ranar da ka shafa zai yi ƙyalli kamar sabo amma bayan 'yan watanni ya dusashe sai ka sake, kuma a damina shi ne abincin fumfuna. A waje dai ban ba ka shawara ba. Banish ma haka, rana na fasa shi ya riƙa saɓulewa, kankare shi kuma aiki ne ja. In lallai kalar zumar kake so ka goge da samfefa lamba 120 sannan 220, ka share ƙurar, ka shafa sila ta tik, wato ruwan shafe mai kare launin katako daga rana, siriri da tsumma sau ɗaya a shekara. In kuma ka riga ka yi aiki da mai, tsumman kar ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya kama wuta da kansa, ka jiƙa shi da ruwa ka shanya a fili.

Manja ko man tsire in ya zuba a tebur ka barbaɗa hoda ko garin masara nan take ya kwana ya tsotse, abin da ya rage samfefa za ta ɗauke.

Da hunturu za ka ga ƙananan tsaga a bakin katako, kar ka cusa musu komai, bushewa ce, yawanci suna matsewa in danshi ya dawo. Notika ne dai suke saki lokacin, ka bi su da sifana ka ɗaure amma ba da ƙarfin tsiya ba. Da damina kuma kar ka naɗe kujerun da leda ko tampol ruf, gumi suke yi a ciki, ka bar ƙasa a buɗe iska na shiga, ka kwashe kushin ka kai ɗaki, ƙafafun kuma ka ɗora su kan siminti ko bulo kar su kwana cikin taɓo.