Kwantena ta dawo daga Turai: kurakuran da masu fitar da amfanin gona suke ta maimaitawa

Duk wanda ya ɗan zauna a Dawanau ya san hirar nan, yaro ya tara 'yan kuɗinsa ya ji ana cewa riɗi da zoɓo da citta na kawo dala, shikenan sai ya fara neman mai saye a WhatsApp. Ba laifi bane, kasuwa ce kuma akwai alheri a ciki. Amma yawancin asarar da nake gani ba daga farashi take zuwa ba, daga dokokin cinikin ƙasa da ƙasa take zuwa, waɗanda mutanenmu suke ɗauka zancen 'yan boko ne a Janeba.

Babban kuskuren, wanda shi ya fi cin mutane, shine zaton cewa in kaya sun yi kyau a ido to sun wuce. Ka buɗe buhun wake ka ga fari tas babu ƙwaro ko ɗaya, kai murna kake, Bature kuwa tambayarsa itace me ya hana ƙwaron shiga? A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da ake kira dichlorvos, wato sinadarin da ke cikin fiya-fiyar nan da ake yayyafawa a sito. Su iyakar da suka yarda da ita 0.01 miligiram ne a kilo ɗaya, namu kuma aka riƙa samun ninkin ba ninkin. Da farko shekara ɗaya aka ce, a 2016 aka ƙara uku, haka aka yi ta ja. Kuma ka lura, ba ɗan kasuwa ɗaya aka hukunta ba, ƙasar gaba ɗaya aka rufe wa ƙofa, wanda ya yi da wanda bai yi ba. Haka Meziko, wadda ke sayen zoɓonmu na Jigawa da Kano sosai, ta taɓa tsayar da saye saboda ƙwaron sito da aka samu a kaya. Gyaɗa ita kuma matsalarta gubar rimar nan ce, aflatoxin, wadda ke fitowa in an tara ta ba ta gama bushewa ba.

Na taɓa tsayawa a wani sito ana loda kaya, wani dattijo ya ce da yaron shagonsa "kai ɗan nan, ƙara masa magani kar ya lalace a hanya", yaron ya ɗauko gora ya huda murfin da ƙusa ya bi buhunan yana tsiyayawa. Na ce Baba wannan ai shi zai sa a dawo da kayan, ya kalle ni ya ce shekara talatin yana haka ba wanda ya mutu. Toh. Gyaran dai a sito yake tun kafin a je tashar ruwa: a busar da kaya sosai, a ɗora buhu kan katako ba kan siminti ba, a yi amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, in kuma hayaƙin magani za a yi a kira masu lasisi. Sannan ka kai samfur dakin gwaji da kuɗinka kafin ka cika kwantena, ka karɓi takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar amfanin gona masu shiga da fita ƙasa. Kuɗin gwajin nan ko kusa bai kai kuɗin ajiyar kwantena na sati ɗaya a tashar wata ƙasa ba.

Wani kuskuren kuma sai ka ji ana cewa ai 'yarmu ce ke shugabantar WTO, wato ƙungiyar cinikayya ta duniya, saboda haka in an dawo da kaya akwai inda za a kai kuka. Eh, Ngozi Okonjo-Iweala tana kan kujerar tun Maris 2021, amma ƙungiyar ba kotun 'yan kasuwa bace, gwamnati ce kawai ke iya kai ƙarar gwamnati, kuma sashen ɗaukaka ƙarar ma ya tsaya cak tun Disamba 2019 saboda Amurka ta hana naɗa sabbin alƙalai. Dokokin ƙungiyar da kansu sun ba kowace ƙasa dama ta hana abincin da zai cutar da mutanenta. Kariyarka kwantiragin da ka sa wa hannu ne kawai, saboda haka karanta shi, ka san FOB ne ko CIF, wato wa zai biya jirgi da inshora, ka san wane dakin gwaji ne maganarsa zata zama ta ƙarshe in an samu saɓani.

Sai batun AfCFTA, kasuwar bai ɗaya ta Afirka. A Yamai Najeriya ta sa hannu a Yulin 2019, aka ce ciniki ya fara 1 ga Janairun 2021, mutane suka ɗauka an cire kwastan kenan. Ina! Wata ɗaya bayan sa hannun nan Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020, mutanen Jibiya da Illela da Maigatari sun fi kowa sanin labarin. Rangwamen harajin a hankali ake yinsa tsawon shekaru, kuma sai kayan da aka tabbatar asalinsu na Afirka ne. Ba zaka sayo atamfa daga Sin ka sake mata leda a Kwari ka ce 'yar Najeriya ce ba, dole sai da takardar shaidar asalin kaya. Masu bin hanyar Maraɗi da Konni kuma su daina aiki da lissafin da, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS a Janairun 2025, a tambayi kiliya ajan, wato mai fitar da kaya a kwastan, abin da ake biya yau kafin mota ta tashi.

Wannan ya kawo ni ga masu ƙulla cinikin wata shida da farashin yau kamar doka bata motsi. A Afrilun 2025 Trump ya wayi gari ya sanar da harajin kashi 14 kan kayan Najeriya, daga baya ya koma 15. AGOA da ake ta yabo, wato tsarin shigar da wasu kayan Afirka Amurka ba haraji, dokar Amurka ce ba yarjejeniya ba, su ke sa ƙasa su ke cirewa, Nijar ma an cire ta daga farkon 2024 bayan juyin mulki. Kuma ba daga waje kaɗai bugun ke zuwa ba, a Agustan 2025 gwamnatinmu ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, waɗanda suka riga suka tara kaya suka wayi gari farashi ya faɗi a hannunsu. Ka sa a rubuce cikin kwantiragi wa zai ɗauki nauyi in haraji ya canza ko an hana fita, kuma kar ka zuba jarinka duka kan mai saye ɗaya a ƙasa ɗaya.

Na ƙarshe mai sauƙi ne amma ana raina shi, wato fitar da kaya da takardun wani. Ka yi rajistar kamfaninka, ka karɓi satifiket ɗin NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka cika NXP, fom ɗin fitar da kaya, ta bankinka, kuɗin kuma su dawo ta asusunka cikin kwana 180 kamar yadda babban banki CBN ya tanada. In da sunan Alhaji wane kayan suka fita, to dalar ma asusun Alhaji wane zata shiga, ranar da kuka ɓata kuwa baka da takarda ko ɗaya da zaka nuna wa alƙali.