Kurakuran da muke yi wajen zaɓen antibairos, da yadda ake gyara su

Kwanakin baya 'yar yayana ta kawo mini kwamfutarta ido jajir. Saura 'yan kwanaki ta miƙa aikin bincikenta na kammala karatu, ta kai filash wurin masu buga takardu a bakin makaranta, ta dawo gida ta zura shi, sai ta tarar duk foldojinta sun koma shotkot, masu ɗan kibiya a gefe. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yadda aka yi hakan ta faru. "Baba, antibairos uku ne fa a ciki," in ji ta, "mai shagon da kansa ya saka mini." Da na duba, ɗaya na gwaji ne da wa'adinsa ya ƙare tun tuni, ɗaya kirak ne, wato satacce da aka fasa makullinsa, wanda bai taɓa sabunta kansa ba, na ukun kuma ƙaramin mai duba filash ne. Uku a ƙirge, amma babu mai aiki ko ɗaya.

Daga nan zan fara, don shi ne kuskuren da na fi gani. Mutane na ɗauka yawan antibairos yawan tsaro ne. Kowane cikakken antibairos yana zama ne a tsakiyar aikin Windows, duk fayil ɗin da aka buɗe ko aka ajiye sai ya bi ta hannunsa. Idan biyu ne, sai su riƙa fizgar fayil ɗaya a lokaci guda, wannan ya ga motsin wancan ya zarge shi, kwamfutar ta yi nauyi, batir ya riƙa ƙarewa da wuri. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ka zaɓi guda, ka cire saura ta Settings sannan Apps, ba ta hanyar goge hotonsu daga fuskar kwamfuta ba. Idan wani ya ƙi fita gaba ɗaya, yawancin kamfanonin suna da ƙaramar manhajar cirewa a shafinsu: McAfee na da MCPR, Avast na da Avast Clear, Kaspersky na da kavremover. Bayan ka gama ka kashe kwamfutar ka kunna, ka buɗe Windows Security ka ga wane ne ya rubuta yana tsaron ka.

Smadav da ake yawan gani a kwamfutocinmu, daga Indonesiya yake, kuma masu shi da kansu sun ce kariya ce ta ƙari, musamman don filash. Zai iya zama tare da babban antibairos, amma ba zai maye gurbinsa ba.

Sai raina abin da ke gida. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu antibairos, Microsoft Defender, ba a biyan ko sisi. A shekarun baya yana da rauni, kuma wannan tsohon sunan ne ya bi shi har yau, shi ya sa masu gyara da yawa suke kashe shi kafin su taɓa komai. Amma abin ya canja. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu ke nan, gwada manhajojin kariya: AV-TEST a birnin Magdeburg na Jamus, da AV-Comparatives a Innsbruck ta ƙasar Austriya. AV-TEST tana ba da maki 6 a kan kariya, 6 a kan rashin nauyaya kwamfuta, 6 a kan rashin zargin fayil mai lafiya, jimla 18, kuma shekaru ke nan Defender yana samun cikakken maki ko kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Sakamakon a buɗe yake ga kowa. Kafin ka yarda da maganar mai talla ko mai shago, ka leƙa can.

Sai dai akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Defender yana dogara sosai da intanet, idan ya ga fayil da bai sani ba yakan tambayi rumbun Microsoft nan take. A gwaje-gwajen AV-Comparatives, abin da yake kamawa ba tare da intanet ba yakan gaza na wasu irin su Bitdefender. Don haka idan kwamfutarka tana shafe makonni ba ta ga intanet ba, kuma kullum filash ɗin mutane ne ke shiga yana fita, kamar a shagon buga takardu ko ofishin makaranta, to kana da hujjar neman wani. Ga mai kwamfutar gida da ke hawa intanet a kai a kai kuwa, ni dai ban ga dalilin sayen wani ba.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kirak. Mutum zai je Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja ya sayi kwamfuta tokumbo, ya ce a cika masa ita da manhajoji. Sai a juye masa Windows, da Office, da CorelDraw, da antibairos, duk waɗanda aka fasa makullinsu. Ban ce masu shago mugunta suke nufi ba, yawancinsu su ma haka suka samu, kuma na san kuɗin lasisi da dala ba abin wasa ba ne ga ɗalibi. Amma a tsaya a yi tunani kan antibairos kirak. Manhaja ce da ka ba ta izinin shiga ko'ina a kwamfutarka, ta karanta kowane fayil, ta ga kowane shafi da ka buɗe. Wani da ba ka sani ba ya buɗe cikinta ya canja abin da ya ga dama, sannan ya raba ta kyauta. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ko da bai saka komai ba, yawanci sai an toshe mata hanyar magana da kamfaninta don kada a gane satacciya ce, kuma ta wannan hanyar ce take samun bayanan sababbin bairos. Za ka ga alamar kore tana haske, zuciyarka ta kwanta, alhali abin da ta sani na bara ne ko na bariya.

Duk umarnin da ya fara da cewa ka kashe antibairos kafin ka saka manhaja, ka ɗauke shi da zafi. Ta wannan ƙofa ce wani bairos mai garkuwa da fayiloli, STOP ko Djvu, ya fi shiga gidajen mutane. Yana kulle hotuna da takardu, ya liƙa wa sunan kowane fayil wasu baƙin haruffa a ƙarshe, ya bar wasiƙa yana neman dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Sau da yawa ba shi kaɗai yake zuwa ba, yana tafe da manhajar da ke kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza. Maganin matsalar kirak ba ya buƙatar kuɗi: cire antibairos kirak, bar Defender ya dawo aiki. Idan Office ne ya gagara saya, LibreOffice kyauta ce ta halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Haka kuma a yi hattara da makullan lasisi da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook kan 'yan kuɗi kaɗan, domin sau da yawa makulli ɗaya ne ake sayar wa mutane da dama, kamfani ya gano ya rufe shi. Araha ba ta ado.

Tsadar data ta haifar da wani kuskuren. Da yawa suna rufe Windows Update gaba ɗaya, har akwai masu gyaran da ke yi maka hakan a matsayin taimako. Na fahimci dalilin, amma antibairos ba ya toshe ɓarakar da ke jikin Windows, sabuntawa ce ke yi. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya afka wa kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Microsoft ta riga ta fitar da gyaran ɓarakar da ya bi tun watan Maris, waɗanda suka sabunta bai bi ta wannan ƙofa ya same su ba. Maimakon rufewa, ka kunna Metered connection a kan layin da kake hawa da wayarka, hakan zai rage abin da Windows ke saukewa da kansa. Sannan ka ware rana, ko dare lokacin data mai sauƙi, ka sabunta da hannunka. Bayanan bairos na Defender ba su da nauyi idan ana karɓar su a kai a kai, tara su ne ke sa su yi yawa.

Tsufan Windows ɗin kansa ma abin dubawa ne. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, kuma kulawar da ta saba yi wa Windows 10 ta ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Babu antibairos da zai mayar da Windows 7 amintacce. Idan dole ce ta sa kana amfani da shi, to kada ka buɗe banki ko imel a kansa.

Ga mai son na waje, kyauta ko na kuɗi, suna kaɗai bai isa ba. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta sa Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da ita suke ziyarta ta wani reshenta mai suna Jumpshot, wanda aka rufe a farkon 2020. Yana da kyau kuma a san cewa Norton da Avast da AVG da Avira duk yanzu kamfani ɗaya ne ke da su, Gen Digital, don haka barin Avast zuwa AVG ba wata ƙaura ba ce. Kaspersky kuwa yana samun maki mai kyau a gwaje-gwaje, amma Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta a 2024 saboda alaƙarsa da Rasha. Haramcin bai shafi Nijeriya ko Nijar ba, sai dai ya kamata mai saye ya sani. Idan za ka biya da katin banki, ka duba farashin shekara ta biyu, domin rangwamen na shekarar farko ne, kuma yawanci sukan cire kuɗin sabuntawa da kansu in ba ka kashe ba. Kada kuma ka biya kuɗin tarkacen da ba ka buƙata.

Wani tarkon kuma shi ne saƙon da ke faɗowa kana tsakiyar kallon shafi, da jan launi da ƙara, wai an gano bairos biyar a kwamfutarka, danna nan. Shafin intanet ba shi da hanyar bincika cikin kwamfutarka. Rufe shi kawai. Idan saƙon yana ta dawowa ta kusurwar allo ko ba ka buɗe komai ba, to ka taɓa danna Allow a wani shafi ne. Shiga saitin burauzarka, wurin Notifications, ka cire shafin. Su kuma manhajojin da ake ce wa masu wanke kwamfuta ko masu ƙara mata gudu, ba antibairos ba ne. Ko CCleaner, wanda ya fi su suna, a 2017 ɓarayi sun cusa masa muguwar manhaja a sigarsa ta asali, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke.

To idan bairos ya riga ya shiga fa? A nan ne ake tafka asara mafi ciwo, domin kalmar farko da ake ji ita ce "sai an yi fomatin". Kada ka yarda da sauri. Bairos ɗin shotkot ba ya goge fayiloli, ɓoye su yake yi ya ajiye shotkot a madadinsu, kuma danna shotkot ɗin ne ke kunna shi. Don haka kada ka danna. Fara da sabunta antibairos, ka yi cikakken bincike, ba na gaggawa ba, a kan kwamfutar da filash ɗin. Sannan ka shiga Windows Security, wurin Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta kashe kanta ta yi binciken kafin Windows ya gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Bayan haka kana iya ƙarawa da Malwarebytes na kyauta, wanda ke bincike idan ka umarce shi kawai, don haka ba ya faɗa da Defender. Idan an tsabtace, buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sa harafin filash ɗinka a madadin E. Foldojin za su bayyana, ka kwashe su, sannan ka yi wa filash ɗin fomatin.

Idan fayil ɗaya kake shakka, shafin VirusTotal zai duba maka shi da injinan antibairos kusan 70 a lokaci guda. Amma kada ka ɗora takardar sirri a can, domin masu bincike na iya ganin abin da aka ɗora.

Mai garkuwa da fayiloli kuwa lamarinsa daban ne. Antibairos zai iya cire shi, amma ba zai buɗe abin da ya kulle ba. Kada ka goge fayilolin da aka kulle, kuma kada ka yi gaggawar biya. Duba shafin No More Ransom, wanda hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, da 'yan sandan Holan suka kafa tare da kamfanonin tsaro a 2016, akwai mabuɗan kyauta na wasu nau'o'in. Kamfanin tsaro na Emsisoft ma na da na Djvu, sai dai ba kowane lokaci yake aiki ba. Abin da ke ceton mutum tabbas shi ne kwafi na biyu da ya ajiye a wani wuri, a faifan da ba ya zama a jone kullum ko a Google Drive. Kuma duk wanda bairos ya shiga kwamfutarsa ya canja kalmomin sirrinsa, ya fara da na imel, daga wayarsa ko wata kwamfuta mai lafiya.

Aikin 'yar yayana ya fito daga ɓoye bayan mun bi waɗannan matakai, babi biyar cif. Na cire mata ukun nan, na bar Defender, muka sabunta Windows a daren. Yanzu idan za ta buga takarda, takan mayar da ita PDF ta tura wa mai shagon ta WhatsApp, filash ɗin yana gida.